Martani: Kada A Kori Uwar Garken Ofis Saboda Gajimare

Edita, ina roƙon ɗan fili in mayar da martani ga rubutun da wani ɗan'uwa ya yi kwanakin baya kan inda ya kamata ofisoshi da makarantu da ƙananan asibitocinmu su riƙa ajiye fayilolin aikinsu. Malam ya yanke hukunci cewa zamanin ajiye uwar garke a cikin ofis, a ja mata waya zuwa kwamfutocin ma'aikata domin kowa ya ɗauka ya kuma ajiye a wuri guda, ya shuɗe. Shawararsa ita ce a kwashe komai a kai gajimare, wato Google Drive ko OneDrive ko Dropbox, a huta da wahala. Ya kafa hujja da abubuwa huɗu: fasahar ta tsufa, ta cikinta cutar WannaCry ta bi ta yi wa duniya ɓarna, tana buƙatar kuɗi da wutar da ba mu da su, sannan abin da ke hannun manyan kamfanoni ba ya ɓata.

Malam, na yarda da kyakkyawar niyyarka, amma hukuncinka bai zauna mini ba. Fayil ɗin da akawu ke buƙata daga wajen ma'aji, alhali teburi biyu ne tsakaninsu, bai kamata isarsa ta rataya a kan lafiyar wata waya da ke kwance a ƙarƙashin teku ba. Kwafin da ake aiki da shi kullum ya zauna a ofis, a kan uwar garken da aka tsara da kyau. Gajimare kuma ya riƙe kwafin ko-ta-kwana. Kowanne da aikinsa.

Don adalci, in fara da inda kake da gaskiya. Ƙungiyar da ma'aikatanta ke warwatse tsakanin Maiduguri da Abuja da Sakkwato, kuma yawancin aikinta rubutattun takardu ne marasa nauyi, gajimare ya fi mata. Mutum uku su buɗe takarda ɗaya a Google Docs suna gyarawa lokaci guda, wannan abu ne da foldar tarayya ta ofis ba ta iya ba. A foldar tarayya, wanda ya riga buɗe takardar Excel shi ke da ikon gyara, na biyu sai dai ya karanta ya jira. Haka nan shagon mutum biyu ba ya buƙatar uwar garke. Inda ka kauce shi ne da ka ɗauki abin da ya dace da waɗannan ka ƙaƙaba wa kowa.

Maganar tsufa

Gaskiya ne fasahar ta kwana biyu. Ƙa'idoji biyu ne ke ɗauke da yawancin wannan aiki. Ta farko SMB, wadda Barry Feigenbaum ya fara tsarawa a kamfanin IBM a 1983, daga baya kamfanin Microsoft ya ɗauke ta ya mayar da ita hanyar da kwamfutocin Windows ke musayar fayil da firinta. Ta biyu NFS, wadda kamfanin Sun Microsystems ya fito da ita a 1984 domin kwamfutocin Unix, kuma har gobe ita ce ke aiki tsakanin ɗimbin kwamfutocin Linux. A 1992 Andrew Tridgell, yana ɗalibi a Kanbera ta ƙasar Ostireliya, ya fitar da manhajar da ta zama Samba, wadda ta ba Linux damar hulɗa da Windows ta hanyar SMB ba tare da an biya ko kwabo ba.

Sai dai SMB ɗin shekarun 1980 ba ita ake amfani da ita yau ba. Zubi na biyu ya zo da Windows Vista a 2006, ya zaftare umarnin ƙa'idar daga sama da ɗari zuwa 19. Zubi na uku ya zo a 2012 tare da Windows 8, da ikon rufa bayanan da ke tafiya cikin waya ta yadda mai leƙe ba zai iya karanta su ba. NFS ma ta kai zubi na huɗu tun shekarar 2000, ana kuma ci gaba da yi mata gyara. Imel ya girme su duka biyun, ban kuma ji ka ce a daina aika shi ba.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne kamfanonin da ka tura mu wurinsu suna sayar da wannan fasahar da ka yi wa jana'iza. Azure Files na Microsoft, SMB ne da NFS. EFS na Amazon, NFS ne. Filestore na Google ma NFS ne. Manyan ma'aikatu na biyan haya wata-wata domin a ba su a gajimare abin da ƙaramin ofis zai iya kafa wa kansa a ɗakin ajiya. In da fasahar ta mutu, da ba su sa ta a kasuwa ba.

Abin da WannaCry ta koyar

Wannan ita ce hujjarka mafi ban tsoro, don haka ya kamata a warware ta a tsanake. Ranar Juma'a 12 ga Mayu 2017 cutar ta ɓulla, tana kulle fayilolin mutane tana neman kuɗin fansa. Cikin 'yan kwanaki ta taɓa kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe kusan 150. A Ingila ta gurgunta asibitocin gwamnati, aka soke ganin likita da tiyata kimanin 19,000. Ta bi ta wani rauni da ke cikin zubin farko na SMB, tana amfani da makamin kutse mai suna EternalBlue, wanda aka danganta da hukumar leƙen asirin Amurka ta NSA, kuma wani gungu mai kiran kansa Shadow Brokers ya watsa shi a watan Afrilun shekarar.

Duk wannan ka faɗa. Abin da ka tsallake shi ne cewa Microsoft ya fitar da facin wannan rauni tun ranar 14 ga Maris, kusan wata biyu kafin cutar ta fito. Binciken da ofishin binciken kuɗin gwamnatin Birtaniya ya gudanar ya gano cewa kwamfutocin asibitocin da suka kamu, ko dai ba a sa musu facin ba, ko kuma suna ɗauke da tsohuwar Windows da aka daina kula da ita, kuma an gargaɗe su a watannin Maris da Afrilu. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Akwai kuma abin da ya fi wannan muhimmanci ga shawararka. WannaCry ba ta buƙatar uwar garken fayiloli kafin ta yaɗu. Daga kwamfutar tebur take tsallakawa zuwa kwamfutar tebur, domin kowace Windows tana ɗauke da SMB a cikinta, kuma mafi yawan waɗanda suka kamu Windows 7 ce a kansu. Ofishin da ya kai komai Google Drive amma ya bar kwamfutocinsa babu faci zai kamu kamar kowa. Kuma idan kwamfutar tana daidaita foldarta da gajimare kai tsaye, to fayilolin da aka kulle su ne za su hau sama su maye gurbin masu lafiya. Za a iya dawo da tsohon kwafi, tun da kamfanonin kan riƙe shi na ɗan lokaci, yawanci kwana 30, amma ka ga ke nan gudun da ka ce a yi bai fitar da kowa daga hatsarin ba.

Ba ina wanke Samba ba ne. A cikin watan Mayun 2017 ɗin aka gano wani mummunan rauni a jikinta, aka kuma fitar da facinsa. A watan Yunin 2021 an share bayanan mutane da dama daga nesa a kan na'urorin My Book Live na kamfanin Western Digital, a Janairun 2022 kuma cutar DeadBolt ta kulle na'urorin ajiya na QNAP. Abin da ya haɗa waɗannan biyun shi ne an bar na'urorin suna fuskantar intanet kai tsaye, kowa daga ko'ina yana iya ƙwanƙwasa musu ƙofa. Darasin ɗaya ne: a kashe zubin farko na SMB, a riƙa sa faci, kada a buɗe ƙofar ofis ga duniya. Masu manhajar ma sun ɗauki darasin. Daga ƙarshen 2017 Microsoft ya fara cire zubin farko daga sababbin Windows 10, Samba kuma ta kashe shi tun daga fitowarta ta 4.11 a 2019.

Lissafin da ba ka yi ba

Wayar sadarwa ta gigabit, irin wadda ake ja a cikin ofis har tsawon mita 100, tana kwashe kimanin megabait 110 a daƙiƙa. Fayil ɗin bidiyo mai gigabait 5 zai tashi daga uwar garke zuwa kwamfutar mai tace fim cikin ƙasa da minti guda, kuma ba a taɓa data ba. Ɗauki wannan fayil ɗin ka ɗora shi a gajimare ta layin da ke aikawa da megabit 10 a daƙiƙa: za ka shafe sama da awa ɗaya, in sabis bai yanke ba. Sannan abokin aikinka da ke kujerar gefe ya sake sauke shi, a sake cin wata gigabait 5 ɗin. Mai rijiya a tsakar gida ke nan ya toshe ta, ya zauna a bakin ƙofa yana jiran ɗan garuwa.

Kuma masu irin waɗannan fayiloli ba su da kaɗan a cikinmu. Masu tace finafinan Kannywood, gidajen rediyo da ke tara shirye-shiryen shekaru, maɗaba'o'i masu aikin CorelDraw, masu zanen gine-gine, ɗakunan hoton asibiti, duk aikinsu mai nauyi ne, kuma yana yawo ne tsakanin mutanen da ke cikin gini ɗaya. A watan Janairun 2025 hukumar NCC ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da data har zuwa kashi 50 cikin ɗari. Duk wanda zai ba waɗannan mutane shawara, da wannan farashin zai yi musu lissafi.

Bar maganar tsada, zo ga samuwa. A farkon Satumbar 2021 an katse layukan waya a duk faɗin jihar Zamfara bisa umarnin hukuma saboda yaƙi da 'yan bindiga, aka biyo da wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna. Wasu wuraren sun yi makonni, wasu watanni. Asibitin da ke Gusau wanda ya bi shawararka, ina zai ga bayanan majinyatansa a lokacin? Ranar 14 ga Maris 2024 kuma manyan wayoyin ƙarƙashin teku huɗu, WACS da ACE da MainOne da SAT-3, suka lalace a gaɓar Kwaddibuwa. Intanet ya yi rauni daga Laberiya zuwa Gana zuwa Najeriya, manhajojin bankuna suka riƙa ƙin buɗewa, gyaran kuma ya ɗauki makonni. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya hana kwamfutoci biyu da ke haɗe da waya a ɗaki ɗaya musayar fayil.

Na san za ka ce manhajar Drive tana iya ajiye kwafi a kan kwamfuta don a yi aiki ko babu sabis. Haka ne. Amma a ranar da babu sabis kowa da nasa kwafin yake aiki, babu mai ganin gyaran wani. Ma'aji ya canza lissafi da safe, akawu yana aiki da na jiya har yamma. Ranar da sabis ya dawo sai a zauna ana tantance wanne ne na gaskiya. Ba banza ba cibiyoyin jarrabawar JAMB ta kwamfuta ke da uwar garke a cikin zauren, kwamfutocin ɗalibai na haɗe da ita ta waya. Aikin da ba ya jure yankewa, kusa ake ajiye shi.

Kuɗi da wuta

A nan ka yi lissafinka kamar dole sai an sayi katafariyar na'ura da lasisin Windows Server. Ba dole ba ne. Kwamfutar tebur ta hannu mai lafiya, da sababbin faifan ajiya biyu, da Linux da Samba, ko TrueNAS, ko OpenMediaVault, waɗanda duk kyauta ne, sun ishi ofishin mutum ashirin ko talatin. Wanda ba ya son haɗe-haɗe ya sayi ƙaramar na'urar ajiya irin ta Synology. Sau ɗaya ake biya, sai canjin faifai bayan wasu shekaru. Hayar gajimare kuwa wata-wata ce, kan kowane ma'aikaci, kuma tushen farashinta dala ne. Wanda ya yi kasafinsa a farkon 2023, lokacin da dala take wajen naira 460 a hukumance, ya ga abin da ya faru da ta haura 1,500 a 2024. Gigabait 15 ɗin da Google ke bayarwa kyauta ba za su riƙe ofis ba, kuma sharuɗɗa na canzawa: manyan makarantun da suka saba da ma'adana marar iyaka daga Google sun wayi gari a 2022 an sa musu iyaka.

Maganar wuta ita ce mai nauyi, ban raina ta ba. Duk wanda ke Arewa ya tuna duhun da aka shiga a ƙarshen Oktobar 2024, lokacin da manyan layukan da ke kawo wuta suka lalace aka yi sama da mako ana jira. Amma ka manta cewa gajimare ma ba ya aiki da iska. Kwamfutar ma'aikaci na buƙatar wuta, na'urar rarraba intanet na buƙata, turken kamfanin waya ma da dizal yake tsaye. Ofishin da ke iya kunna kwamfuta goma yana iya kunna ta goma sha ɗaya. Ƙaramar na'urar ajiya mai faifai biyu ba ta cika wuce wat 30 ba, wato ba ta kai cin fankar sili ɗaya ba. Inbata da batir, ko ƙaramar sola, za su riƙe ta yini guda. Abin da ke kashe faifai shi ne ɗaukewar wuta yana tsaka da rubutu, kuma maganinsa na'urar UPS ce da aka haɗa da uwar garken domin ta kashe kanta a hankali idan batir ya yi ƙasa.

Wai abin da ke gajimare ba ya ɓata

A daren 9 zuwa 10 ga Maris 2021 gobara ta tashi a cibiyar kamfanin OVHcloud da ke Strasbourg ta Faransa, ta cinye gini guda ƙurmus ta taɓa na kusa da shi. Wasu abokan cinikin sun rasa bayanansu har abada, domin kwafin ajiyarsu ma a harabar yake. A watan Mayun 2024 wani kuskuren tsari a Google Cloud ya share asusun UniSuper, wata hukumar fansho a Ostireliya mai mambobi sama da rabin miliyan. Sun yi sama da mako ba sa iya shiga asusunsu. Abin da ya taimaka wajen ceto su shi ne kwafin da suka ajiye a wajen wani kamfani daban. Ba na cewa waɗannan kamfanoni sun fi mu sakaci. Sun fi mu kayan aiki nesa ba kusa ba. Ina cewa kwafi ɗaya, ko a hannun wa yake, kwafi ɗaya ne.

Labarin kamfanin jiragen ruwa na Maersk ya fi fito da wannan fili. Ranar 27 ga Yunin 2017 cutar NotPetya, wadda ta fara daga wata manhajar lissafin haraji a Yukren, ta shafe kwamfutocinsa a faɗin duniya. Shugaban kamfanin ya faɗa daga baya cewa sai da suka sake ɗora uwayen garke 4,000 da kwamfutoci 45,000 cikin kwana goma, asarar kuma ta kai tsakanin dala miliyan 250 zuwa 300. Kamar yadda ɗan jarida Andy Greenberg ya ruwaito a mujallar Wired, na'urorin da ke riƙe da rajistar ma'aikata da izininsu wajen 150 ne, kowace tana kwafar 'yar'uwarta, don haka duk tare suka tafi. Guda ɗaya ta tsira, a ofishinsu na Gana, saboda wuta ta ɗauke kafin harin ta bar na'urar a yanke. Sai da wani ma'aikaci ya ɗauko faifan ya kawo Najeriya, wani ya karɓa a filin jirgi ya wuce da shi Landan. Na'urori 150 masu kwafar juna ba su hana komai ba, guda ɗaya da ba ta haɗe da kowa ta tayar da kamfani.

Shi ya sa masu wannan aiki ke bin dokar da mai ɗaukar hoto Peter Krogh ya yaɗa: kwafi uku, a kan ma'adana iri biyu, ɗaya a wani wuri daban. A wannan lissafin gajimare yana da gurbi mai kyau, shi ne na uku, wanda uwar garken za ta riƙa tura masa abin da ya canza cikin dare. Kai kuma ka mayar da shi na farko da na biyu da na uku.

Akwai kuma tambayar da ba ka yi ba: asusun wa? A ofisoshinmu da yawa, kai kaya gajimare na nufin Gmail ɗin sakatare ko na yaron da ya iya kwamfuta. Ranar da aka saɓa ya ajiye aiki, ko aka sace masa waya, bayanan ofis sun bi shi. Tun watan Yunin 2023 Najeriya tana da dokar kare bayanan jama'a, wadda ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar kulawa ta musamman, ta kuma gindaya sharuɗɗa kan fitar da bayanan mutane zuwa ƙasashen waje. Mai asibiti ko makaranta ya kamata ya san wannan kafin ya zuba sunayen mutane a asusun wani.

To yaya ake kafa ta da kyau?

Tun da na ce a riƙe ta, wajibi ne in faɗi sharuɗɗan, domin uwar garken da aka kafa da ganganci ta fi rashinta muni.

A ba ta adireshi tsayayye a zangon ofis, a haɗa ta da waya, kada a dogara da Wi-Fi. Kada a yi amfani da kwamfutar wani ma'aikaci: Windows ta tebur ba ta karɓar sama da haɗi 20 a lokaci guda, kuma ranar da mai ita ya kashe ta ya tafi masallaci aikin kowa ya tsaya. A ajiye ta inda iska ke shiga, a riƙa kakkaɓe mata ƙurar hunturu, don zafin bazara da ƙura suna rage wa faifai kwana.

Kowane ma'aikaci ya samu sunansa da kalmar sirrinsa. A rufe shigar baƙo marar suna. A kasa foldoji bisa sashe, a bambanta mai karantawa da mai gyarawa: malamin aji ya ga foldar jarrabawar ajinsa, kada ya ga ta albashi. Wannan ba rashin yarda da mutane ba ne. Cutar da ta shiga kwamfutar mutum ba ta iya lalata abin da shi kansa ba shi da ikon gyarawa, don haka taƙaita izini taƙaita ɓarna ne. NotPetya ta cinye har kwamfutocin da ke da faci, saboda ta saci kalmomin sirrin masu cikakken iko ta yi yawo da su. Kada mai kula da na'urori ya riƙa aikin yau da kullum da asusunsa na cikakken iko.

Idan akwai Windows ko Mac a ofis, SMB za a bi, a tabbatar mafi ƙarancin zubin da aka yarda da shi na biyu ne. Tarkon da aka fi faɗawa shi ne tsohuwar na'urar kwafi mai tura takardar da aka sikana zuwa folda, wadda zubin farko kawai ta sani, sai a kunna wa ofis gaba ɗaya tsohon zubi saboda ita. A sabunta mata manhaja ko a nemo mata wata hanyar. Idan tsakanin Linux da Linux ne, NFS ta fi sauƙi, amma a san halinta: a tsarinta na yau da kullum tana gaskata lambar da kwamfutar mai nema ta ce ita ce tata. Don haka a fayil ɗin /etc/exports a rubuta adireshin kwamfutocin da aka yarda da su, kada a sa alamar tauraro mai nufin kowa, kuma a bar root_squash a kunne.

Ƙofa mai lamba 445 ta SMB da 2049 ta NFS kada a taɓa buɗe su ga intanet. Wanda ke son shiga daga gida ya bi ta VPN irin WireGuard. Faifai biyu masu kwafar juna suna kare ka daga mutuwar faifai ɗaya, ba sa dawo da abin da aka share. Abin da ke dawo da shi shi ne tsarin da ke ɗaukar hoton yanayin ma'adana kowace awa ya daskarar da shi, irin wanda ZFS da Btrfs ke yi. A ƙara da faifan waje da ake jonawa mako-mako a cire a kulle a wani gida. Daga ƙarshe, a rubuta komai a takarda a ba shugaban ofis a ambulan, don kada ran ma'aikata ya zama a hannun injiniya ɗaya.

Malam, abin da nake tsoro a shawararka shi ne abin da zai biyo bayanta a aikace. Ofishin da aka hana wa foldar tarayya, data ta yi masa tsada, sabis kuma yana zuwa yana ɗaukewa, ba gajimare zai koma ba. Filash zai koma, mai yawo daga kwamfuta zuwa kwamfuta yana raba cutar da ke ɓoye foldoji, da kuma WhatsApp, inda takarda ɗaya ke da kwafi bakwai a wayoyi bakwai. Wannan shi ne halin da yawancin ofisoshinmu ke ciki yanzu, kuma daga nan ya kamata a fitar da su.

Ina ba da shawarar gwaji biyu da kowane shugaban ofis zai iya yi a wannan makon, ko tsarina yake bi ko naka. Na farko, ya cire intanet ɗin ofis daga ƙarfe takwas zuwa azahar, ya ga ko aiki zai ci gaba. Na biyu, ya zaɓi fayil ɗin da aka share wata biyu da suka wuce, ya ce a dawo masa da shi kafin la'asar. Duk tsarin da ya ci gwajin biyu, a riƙe shi. Ina kuma roƙonka ka yi su a kan tsarin da ka ba mu shawara, ka dawo wannan fili ka faɗa mana sakamakon.